Telan Doka

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin gwamnati a Yamai, amma da za ka tambayi mutanen garinmu, can cikin ƙasar Bazaga, me yake yi, iyakar abin da za su ce maka shi ne, "Yana ofis." Ba likita ba ne balle a ce ya taɓa yi wa wane allura, ba ɗan kasuwa ba ne balle a ga motocinsa a hanyar Ƙonni. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, akwati biyu ya zo da su, ɗaya na tufafi ɗaya na takardu, sai jan alƙalamin da ba ya barin aljihun gabansa. Ni kaina sai da na yi hankali na gane sana'arsa. Yana cikin mutanen nan da minista zai kira ya ce, "Ina son doka a kan abu kaza," su koma su ja ƙofa, su mai da wannan buri ayoyi masu lamba. Shi tela yake kiran kansa. Yakan ce yadin na gwamnati ne, mai sa rigar talaka ne, nasa kawai awo da almakashi.

Makaɗa sun yi wa manoma waƙa, sun yi wa maƙera da 'yan kokowa, mahauta ma suna da kiɗansu. Ban taɓa jin an yi wa mai tsara doka kirari ba. Aikinsa in ya yi kyau ba a ganinsa, sunan shugaban ƙasa ne a ƙasan takarda. Sai ɗinki ya matsi wani a hammata ake tambayar wa ya yanka.

Abin da ya zaunar da ni gabansa kan wannan magana ƙanena ne, ɗan baffanmu, mai haɗa wa manoman albasa famfon sola. Shekarar 2023 ce ta buɗe masa kasuwa. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, man da ake tsallakowa da shi daga Illela ta Sakkwato ya yi tashin gwauron zabo, masu injin ban ruwa suka rasa inda za su sa kansu. A watan Agusta kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke kuran, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga can take zuwa. Rana kuwa ba wanda ya isa ya rufe mata iyaka. Yaron da a da yake gyaran rediyo da tocila ya wayi gari yana da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Zai zura igiya a rijiya ya auna zurfin ruwa, ya taka garka ya ƙirga fangali, ya lissafa faranti nawa za su ɗaga ruwan kafin rana ta karya, daga Bazaga har Tsarnawa da Galmi.

Wata la'asar ya same mu a zaure, ya durƙusa ya gaida Kawu, sannan ya ce, "Kawu, na ji a rediyo an ce Najeriya ta yi wa masu fasaha doka, ana ɗauke musu lanho ana ba su jari. In an yi irinta a nan, irina yana ciki?"

Kawu bai ba shi amsa ba. Ya yago takarda ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka yi boko mai zurfi, rubuta mana. Aya ta ɗaya: wane ne mai fasaha?"

Na ga abin wasa ne. Na rubuta cewa kamfanin fasaha shi ne duk kamfanin da ke amfani da fasahar zamani wajen aikinsa. Ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Madalla, ɗana. Ka ɗauke wa Alhaji mai shigo da shinkafa lanho, tunda yana da kwamfuta a kanti kuma yana ciniki ta WhatsApp. Ka ɗauke wa kamfanonin salula, waɗanda da kuɗinsu ake biyan malaman makaranta. Baitulmali ya gode."

Na soke na sake: sabon kamfani, ƙarami, wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba. Nan jan alƙalami ya fito. Ya ja layi ƙarƙashin "sabo" ya ce shekara nawa ne sabo, kuma me zai hana Alhaji ya rufe tsohon kamfaninsa ranar Alhamis ya buɗe sabo da sunan ɗansa ranar Litinin? Ya ja ƙarƙashin "ƙarami" ya ce da me za a auna, da yawan ma'aikata ko da yawan ciniki? Da ya zo kan "ba a taɓa yi ba" sai da ya yi dariya. "A ina ba a taɓa yi ba? In a duniya kake nufi ka kori ƙanenka, don ba shi ya fara famfon sola ba. In a Bazaga kake nufi, wanda ya fara kawo injin markaɗe ma ya shiga."

Na fusata, na ƙara kalma biyu don in toshe wa Alhaji hanya: mai rajista. Kawu ya juya ya dubi yaron.

"Kana da takarda?"

"A'a, Kawu."

"To ka gani. Da kalma biyu yayanka ya fitar da kai daga dokar da ya zauna rubutawa dominka."

Kusan duk wahalar sana'ar tana cikin wannan aya ta ɗaya. Dokar ƙarfafa masana'antu kyauta ce gwamnati ke yi daga aljihun jama'a, don harajin da aka yafe wa wani, wani ne zai cike shi. Saboda haka ƙofa ake ginawa, kuma faɗinta shi ne komai. Ta yi faɗi, raƙuma su shige su cinye abincin awaki. Ta yi ƙunci, a tarar ba wanda ya shiga sai 'yan kaɗan masu lauya a babban birni.

Waɗanda suka iya abin sun nuna yadda ake yi. Tunisiya ce ta fara a Afirka, da dokar 17 ga Afrilu 2018 da takardar aiwatarwar da ta biyo ta a watan Oktoba. Abin da ke aunuwa suka sa masa lamba: kada kamfani ya wuce shekara 8 da kafuwa, kada ma'aikatansa su wuce 100, kada cinikinsa na shekara ya wuce dinari miliyan 15, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na jarin ya kasance a hannun ɗaiɗaikun mutane ko asusun zuba jari, ba a hannun wani ƙaton kamfani da ya ɓuya a baya ba. Abin da ba ya aunuwa, wato ko abin da ka kawo ƙirƙira ce ko kwaikwayo, ba su yi ƙaryar sa masa lamba ba. Sun miƙa shi ga kwamiti, suka kuma rubuta su wane ne za su zauna a ciki, mutanen gwamnati da 'yan kasuwar da suka san harkar. Sanin abin da za ka ba ma'auni da abin da za ka ba idon mutum, shi Kawu ke kira rabin sana'a.

Ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 19 ga Oktoba 2022, ta ba da shekara 10, ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jari ya zama na ɗan ƙasa da ya kafa kamfanin, ta kuma fitar da duk wanda reshe ne na wani tsohon kamfani. Kun ga an toshe wa Alhaji. Amma wurin da ya fi burge ni ƙaramin sakin layi ne wanda mai karatu da sauri zai tsallake. Wanda yake aiki shi kaɗai ko da abokin tarayya, bai kai ga zama cikakken kamfani ba, ba a ce masa ya koma gida ba. Ana ba shi shaidar wucin gadi ta wata 6, ya je ya cika takardunsa ya dawo. Wanda ya rubuta wannan layi ya san cewa mai fasaha ba ya fara da lauya, da ɗaki ɗaya da tsohuwar kwamfuta yake farawa. Da na karanta wa Kawu shi, cewa ya yi, "Wannan telan ya bar lalmo a ciki, don ya san yaron zai girma."

Akwai kuma gwanintar gano ainihin inda ke yi wa mutum ciwo. Minista kullum abin da ke bakinsa shi ne a yafe haraji, don shi ne mai daɗin faɗa a rediyo. Amma kamfanin da bai fara cin riba ba, me za ka yafe masa? Kamar ka ce wa mai azumi ka ɗauke masa wanke kwano ne. 'Yan Tunisiya sun duba sun ga abin da ke hana injiniya mai basira fita ya kafa nasa shi ne tsoron sakin albashi, ga mata ga 'ya'ya ga haya. Sai suka rubuta masa hutu na shekara ɗaya, wanda za a iya sabuntawa sau ɗaya: ma'aikaci ya je ya gwada sa'arsa, in ta ƙi ya dawo ya tarar da kujerarsa. Suka ƙara da alawus na wata-wata har shekara guda ga mutum uku cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Wannan aya ba ta fito daga kan wanda ya zauna a ofis yana tunani ba. Sai wanda ya zauna da masu tsoron, ya bar su suka yi magana har suka faɗi abin da suke jin kunyar faɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matasan Najeriya da suka matsa a yi musu doka ba kuɗi ne ya fara kai su ba, zaman ɗar-ɗar ne. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, kamfanoni irin su Gokada da suka zuba jari a babura da manhajar kiran su suka kwana da sana'a suka tashi babu. A Fabrairun 2021 Babban Bankin ƙasar ya hana bankuna hulɗa da masu kuɗin intanet. A watan Yuni aka rufe Twitter. Mai jari yana iya jure haraji mai nauyi in ya san nauyinsa, abin da ba ya jurewa shi ne a sauya kiɗa yana tsakiyar rawa. Shi ya sa bayan tarurrukan jin ra'ayi da aka yi a sassan ƙasar, dokar ta kafa majalisa wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, da ministoci da gwamnan Babban Banki a ciki, aka kuma ware wa masu sana'ar kujeru huɗu. Ko majalisar tana zama yadda ya kamata, wannan wata magana ce. Telan dai ya gane ciwon.

Daga nan Kawu ya koma kan ƙananan kalmomi, inda ya fi jin daɗi. Ya ce a duk shekarunsa ba abin da ya fi yin faɗa a kansa kamar bambancin "yana iya" da "dole ne". Ka rubuta cewa minista yana iya ba da shaida ga wanda ya cika sharuɗɗa, ka gina shago a bakin ƙofar minista, don duk abin da ake iya bayarwa ana iya hanawa, abin da ake iya hanawa kuwa yana da farashi. Ka rubuta dole ne ya bayar, saura ka faɗi cikin kwana nawa. Ka faɗi kwanakin, saura ka faɗi abin da zai faru in sun cika bai tanka ba. In ba ka faɗa ba, takardar talaka za ta tsufa a cikin durowa ba tare da kowa ya karya doka ba. Faransa, wadda muka gaji tsarin ofisoshinta, ta daɗe a kan cewa shirun hukuma ƙi ne. Sai a watan Nuwamba 2013 ta juya ƙa'idar: in wata biyu suka wuce ba amsa, a ɗauka an yarda, ban da wuraren da aka keɓe, kuma wuraren da aka keɓe suna da yawa. Duk da haka jimla ɗaya ce ta ɗauke nauyin jira daga kan mai nema ta ɗora wa mai hatimi.

A tsarinmu kuma doka ba ta tafiya da ƙafarta. Akwai ita kanta dokar, akwai takardar aiwatarwa da majalisar ministoci ke fitarwa, akwai umarnin minista da ke biyo baya, kuma shi ne jami'in da ke gabanka yake riƙe da shi. Kowace aya da ta ƙare da "za a fayyace nan gaba" bashi ce aka ci. Senegal ta yi abin yabo, ta tara matasanta suka tsara tare, aka sa wa dokarsu hannu ranar 6 ga Janairu 2020, amma takardar aiwatarwa sai ƙarshen 2021 ta fito. Kusan shekara biyu riga na rataye ba maɓalli. Gwanin tela, in ji Kawu, ba ya barin doka ta fita daga hannunsa sai 'ya'yanta suna goye a bayanta.

Lamba ma tana da nata tarko, kuma mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa saninsa. Dokar Najeriya ta ce a zuba aƙalla naira biliyan 10 duk shekara a asusun tallafa wa sababbin kamfanoni. Ranar da aka sa hannu, dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira 450 ba a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Ba wanda ya taɓa ayar, amma fiye da kashi biyu cikin uku nata sun narke. Kowane ɗan canji a Ƙonni da ya ga jika ɗaya ta sefa tana kwasar naira fiye da da, zai iya ba su wannan darasi kyauta. Wanda ya rubuta dokar hukumar NITDA a 2007 ya fi dabara a nan: bai faɗi kuɗi ba, ya ce kashi 1 cikin ɗari na ribar manyan kamfanoni irin su bankuna da na sadarwa. Kashi yana girma tare da kasuwa, kuma an san aljihun da zai fito.

Ƙanena da ya ji an zo kan kuɗi sai ya kawo nasa kukan. Ya ce an gaya masa tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin shigowa a kan kayan sola, amma ya taɓa kwana a wani shinge da batura da naɗin waya, ana ce masa waɗannan ba sola ba ne. Na ɗauka Kawu zai taya shi zagi. Sai ya ce, "Ɗana, mutumin nan ba lalle mugu ba ne. Takarda ce a hannunsa." Farantin sola ba ya da wani aiki sai kama rana, shi ba gardama. Batir fa? Yana shiga mota. Waya tana shiga kowane gini. Famfo yana iya aiki da janareta. Ka yafe su duka, gobe kowane batirin mota da ya shigo ƙasar zai zama na sola. Ka hana su duka, ka yafe wa mutum kan raƙumi ka caje shi ƙafafu. Ƙasashen Gabashin Afirka sun sha wannan: a 2016 suka cire kayan gyara da na haɗi daga jerin abin da aka yafe, masu sayar da fitilun sola suka yi ta kuka. Maganin tela shi ne jeri mai lambar duwan ta kowane kaya, da siffar da ido zai iya tantancewa a bakin shinge da tsakar dare, da sharaɗin inganci don kada ƙasa ta zama jujin farantan da ke mutuwa bayan damina biyu. Aiki ne mai gajiyarwa, ba wanda zai tafa maka, amma a nan ake sanin ko manomin albasa zai sayi famfo da sauƙi ko a'a.

Na tambaye shi ko doka tana iya jawo masana'anta zuwa inda ba ta so. Ya tuna mini da tsohon kundin zuba jari na 1989, wanda ya ƙara shekara uku na rangwame ga duk wanda ya kafa kamfani a Agadas, Difa, Tawa ko Damagaram. Niyya mai kyau, kuma ɗinki mai tsabta. Amma ƙarin shekara uku ba ya kawo wuta, ba ya shimfiɗa kwalta. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take nan tun shekarun 1960, ba aya ce ta kawo ta ba, dutsen farar ƙasa ne da Allah ya binne a wurin. Sabuwar da aka ƙaddamar a 2019, mai ƙarfin tan 650,000 a shekara, kan dutsen nan ta zauna. Tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a Nuwamba 2018 da bashin Indiya, irinta ta farko da aka haɗa da layin wutar ƙasa, ita ma rana ta tarar da layin da zai ɗauki wutar. Doka tana sauƙaƙa wa mai zuwa, tana ɗaure wanda ya zo. Wannan ɗaurin ne ma ake yawan mantawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka karɓi rangwame, a rubuce mutum nawa za ka ɗauka, nawa za ka horar, wa zai zo ya ƙirga, kuma in ka saɓa me za ka mayar. Kundin 16 ga Afrilu 2014 da ya gaji na 1989 yana tafiya a kan wannan ciniki, sai dai ƙofarsa ta fara ne daga jarin miliyoyin sefa, irin wanda ƙanena bai taɓa riƙewa ba ko a mafarki.

Wani lokaci kuma gwaninta ita ce ka ajiye almakashi. Da kamfanin Safaricom ya zo da M-Pesa a Kenya a watan Maris 2007, ba wata doka da ta san tura kuɗi ta salula. Babban Bankin Kenya bai ce a jira ba. Wasiƙa ya bayar cewa ba ya da ja, da sharaɗin kuɗin jama'a su zauna a asusun amana dabam da na kamfani, ya zuba ido yana kallo. Dokar biyan kuɗi sai 2011 ta zo, bayan an ga siffar abin da za a ɗinka wa. Najeriya ta bi ta ɗaya hanyar, ta hana kamfanonin salula jagorancin harkar, sai a 2018 ta buɗe musu ƙofa, MTN da Airtel ba su sami cikakken lasisi ba sai 2022. Ban ce tsoronta ba shi da dalili ba, kuɗin talakawa ne. Amma shekarun da suka wuce sun wuce.

Magariba ta kusa, yaron yana ta duban wayarsa don wani manomi na jiransa, sai ya sake tambayarsa ta farko. Kawu ya ce masa gaskiya: in aka kwafo dokar Tunisiya ko ta Najeriya aka sauya sunan ƙasa, ba ya ciki. An yanka su ne don masu rubuta manhaja da ke neman jarin ƙetare. Zanen aro ba ya rufe katara. Fasahar da ke kama ƙasa a nan ita ce wadda ta haɗu da ruwa da rana da albasa. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro ban ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfo ya kashe ta wayar salula, ya karɓi babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan ruwa a Koriya ta Kudu a 2015. Tun kafin shi, Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorancin ofishin makamashin rana na ƙasa. Ma'anar "mai fasaha" da za ta bar magadan waɗannan a waje don ba manhaja tsantsa suke sayarwa ba, an yanka ta a jikin wani.

Akwai ƙaramar ƙofa da aka riga aka gina, ya ce, sai dai ba a nuna wa mutane ita. Ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashe 17 har da Nijar, ta ƙirƙiro a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 wani matsayi na ƙaramin mai sana'a: ba sai ka kafa kamfani ba, sanarwa kawai za ka yi, ka riƙe littafin shiga da fita. A 2014 kuma ta sakar wa ƙasashe mara su rage jarin sefa miliyan ɗaya da a da ake bukata kafin a kafa ƙaramin kamfani. Ɗinki ne mai kyau. Amma da aka gwada shi a Kwatano daga 2014, tare da Bankin Duniya, ko da aka haɗa wa 'yan kasuwa da horo da buɗe asusun banki da mai shiga tsakaninsu da masu haraji, ƙarin waɗanda suka yi rajista bai wuce kusan 16 cikin ɗari ba. Sauran sun yi lissafinsu sun ga takarda tana nuna wa mai lanho ƙofar gidanka, ba ta kawo maka ko mai saye ɗaya.

"To, Kawu, ni me zai sa in yi?"

Kawu ya jawo takardar nan tawa mai cike da jan layi, ya juya bayanta, ya yi rubutu na ɗan lokaci. Layi huɗu ne. Cewa mai sana'ar da ya yi sanarwa, ya nuna aikin hannunsa guda goma da ke aiki a gonakin mutane, dole ne a ba shi shaida cikin kwana talatin, a hedikwatar gundumarsa ba a Yamai ba. Cewa mai shaida yana da damar neman kwangilar sola ta ƙaramar hukuma, rijiyar gari ko fitilar asibiti. Cewa ba za a bi shi lanhon shekarun da suka wuce ba. Na huɗu ya rubuta ya soke, ya sake rubutawa ya sake sokewa, ya ce wannan sai ya kwana a kansa, don bai ga yadda zai hana Alhaji aro gonaki goma ba.

Ƙanena har yau ba shi da takarda, yaransa kuma sun zama shida. Ku masu riƙe da jan alƙalami a Yamai, in ranar yanka wannan riga ta zo, ku zo ku auna mai sa ta. Daga Yamai zuwa Ƙonni kimanin kilomita 420 ne a kan kwalta, kuma lokacin dashen albasa ba sai kun yi cigiyarsa ba, yana bakin rijiya.